Zangon da Suka Ɗauke Peculiar

Litinin, 22 ga Afrilu, 2024

Na koma makaranta yau. Madam, shugabar makaranta, ta ce in ƙara hutawa, ko da zangon nan ne gaba ɗaya, na ce mata zaman gidan ne ke cinye ni. Tun da aka binne mijina Dominic a Fabrairu ban shiga aji ba. Yaran suka miƙe suka gaishe ni, suka tsaya suna kallona kamar baƙuwa. Success ce ta fara matsowa ta taɓa hannuna. "Anti Joyce, sannu." Daga nan kowa sannu, sannu, har Isma'ila da bai san dalilin sannun ba.

Peculiar tana bencinta kusa da taga. Ita ɗiyarmu ce, tare muka fito daga gida.

Aikin zangon nan shi ne baƙaƙe biyu a jere a farkon kalmar Turanci, babu wasali a tsakaninsu. Masu l tukuna, sannan masu r, sannan masu s. Duk shekara a nan 'yan aji ɗaya ke ba ni wahala. Bana ina son wahalar.

Laraba, 24 ga Afrilu

bl. Na rubuta black a allo na karanta, suka amsa da ƙarfinsu, "bulak". Blue ta zama "bulu". Ba laifinsu ba ne. Bakin da ya tashi da Hausa ba ya barin baƙi biyu su haɗu, sai ya cusa wani abu a tsaka. Na lura waɗanda ake yi wa yaren C'lela a gida sun fi saurin kamawa. Peculiar kuwa da Hausar bariki ta buɗe baki, ga haƙoran gaba sun fita, "bulu" ɗinta ta fi ta kowa tsawo.

Sai na yanka kwali. Success ta riƙe b, Isma'ila ya riƙe l, na ce su matso har kafaɗa ta taɓa kafaɗa. Mairama, ɗiyar mai kawo mana nono, na ba ta u, na ce ta yi ƙoƙarin kutsawa tsakaninsu, aji kuma su kore ta. Yarinyar nan ta shiga ta ƙarƙashin ƙafafunsu. Ajin ya kaure. Na ji dariya ta fito mani, na yi sauri na juya ga allo.

Asabar, 27 ga Afrilu

Wanki. Har yanzu hannuna na neman rigunansa a cikin kwando.

Alhamis, 2 ga Mayu

cl ta tafi lafiya, da tafi muka yi ta, clap, clap. Yau fl. Na zana tuta a allo na rubuta flag a ƙasa. Na ce wa zai gwada. Peculiar ta ɗaga hannu, abin da ba ta cika yi ba. Ta sa haƙoran sama, waɗanda suka rage, a kan leɓe kamar yadda na nuna, ta hura iska, ta ce flag. Tas, babu u.

Kafin in yaba mata ta ƙara da cewa, "Irin wadda aka rufa wa akwatin Baba."

Ba kuka take ba. Faɗa kawai ta yi, kamar mai ba da amsa. Na ce haka ne, zauna. Na goge tutar na zana ƙuda, muka yi fly har aka buga ƙararrawa. A hanyar gida ta tambaye ni ko ta faɗa daidai. Na ce daidai ƙwarai.

Lahadi, 5 ga Mayu

Yaya Philemon, wan Dominic, ya zo daga Ribah bayan sujada, da ɗan buhun dawa a bayan babur. Na yi murna da ganinsa. Na dafa masa, ya ci, ya wanke hannu. Sai ya koma yare, don kada Peculiar ta gane, tana bakin ƙofa tana wasa da marafan kwalba.

Ba zan iya rubuta duka ba. Dangi sun zauna. Ɗiyar Dominic za ta koma gidan ubanta. Kaka, uwar Dominic, ba ta da lafiya, kullum sai ta tambayi yarinyar.

Na ce, "Yaya, tana rarrafe na same ta. Ni na yaye ta daga kwalba. Ba ta san wata uwa ba."

Ya ce, "Mun sani, Joyce. Babu wanda ya ce kin yi laifi. Amma uwar da ta haife ta ta rasu, uban ya rasu. Ke kuma da sauran ƙuruciyarki. Gobe wani ya zo ya aure ki, jininmu ya tafi gidan wa?"

Na ce ba zan yi aure ba. Ya dube ni irin kallon da ake yi wa mai zazzaɓi. Na ce to a bari ta gama zangon nan. Ya ce ruwa na sauka hanya za ta lalace, kuma tsohuwa ba ta da tabbas. Ƙarshen wata.

Ba da faɗa ya yi ba. Da ma faɗa ya yi, da na san abin da zan riƙe.

Talata, 7 ga Mayu

Na je wurin Fasto. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce zai kira Yaya Philemon. Wata a zumuntar mata ta ce in kai ƙara, ai akwai doka. In tsaya gaban alƙali da uwar Dominic, tsohuwar da ta sa mani albarka da bakinta ranar aurena? In Peculiar ta girma ta ji fa?

Juma'a, 10 ga Mayu

Fasto ya kira. Sun ce ƙofa a buɗe take, in riƙa zuwa ganinta duk lokacin da na so. Iyakar abin da ya samo ke nan.

Laraba, 15 ga Mayu

Ina gudu da ajin nan, na sani. br, cr, dr a rana ɗaya, abin da ya kamata ya ci mako. Jiya gr da tr. So nake mu kai masu s kafin ƙarshen wata. Ban san irin makarantar da za a sa ta ba a can, ko akwai mai tsayawa ya nuna mata inda harshe ke zama.

Bread duk sun ce "buredi", kuma da gaskiyarsu, shi suke saye kowace safiya. Isma'ila ya rikice, tree ta zama "kiri", na sa shi maimaitawa har ya fashe da kuka. Madam tana wucewa ta ji. Bayan an tashi ta kira ni ofis. Ba ta yi faɗa ba.

"Joyce, yara nawa ne a ajinki?"

Na faɗa mata.

"To ba ɗaya ba ce."

 Ta miƙo mani ruwa.

Asabar, 18 ga Mayu

A gida ma ban ƙyale ta ba. Ina tuƙa tuwo, tana kan tabarma da kwalaye. Green. Grass. Drum. Ta ce, "Mama, na gaji, yau ba makaranta." Na ce saura ɗaya. Ta ce kullum saura ɗaya.

Ban faɗa mata ba har yanzu.

Alhamis, 23 ga Mayu

Na faɗa mata, muna dawowa daga makaranta, daidai wurin mai gyaran taya. Na zaɓi hanya don kada in yi kuka.

Ta ce, "Ke ma za ki zo?" Na ce zan riƙa zuwa. Ta yi tafiya kaɗan. "Wa zai yi mani kitso?" Na ce Mama Rebecca, matar Baba Philemon, ta fi ni iyawa.  Can ta ce, "A gidan Kaka akwai 'yan awaki. Za a ba ni ɗaya?"

Na ce za a ba ki.

Duk sauran hanyar sunan da za ta sa wa akuya take nema. Na riƙe hannunta na yi ta amsawa.

Asabar, 1 ga Yuni

Sun tafi da ita.

Rebecca ta biyo Yaya don ta riƙe ta a kan babur. Mace mai sanyi, ta kasa haɗa ido da ni. Tun safe na yi wa Peculiar kitso ƙanana, wanda zai daɗe. Na haɗa kayanta. Na sa kwalayen st, sp, sn, sl a leda, waɗanda ba mu kai ba, na miƙa wa Rebecca ina yi mata bayani, a ja s ɗin kamar kukan maciji, kada a saki, sai a ɗora na biyun. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Ƙanwata, ni ban yi boko ba. Amma Abel ɗina yana aji biyar, zan ba shi."

Peculiar ta hau da murnarta. Sai da Yaya ya tada babur ta gane ba na hawa. Ta miƙo hannu biyu. Rebecca ta rungume ta ta baya. Kukan ya bi su har kwanar coci, daga nan ƙarar injin niƙa ta rufe shi.

Maƙwabta sun fito. Ban san wa ya maida ni ɗaki ba.

Litinin, 3 ga Yuni

st. Na rubuta a allo, na kasa buɗe baki. Na ba su zane.

Alhamis, 6 ga Yuni

Na yi abin kunya.

Ruwa ya yi ta zuba ta rufin baya, yaran can suka matso gaba. Na juyo daga allo na ga Mairama zaune a wurin Peculiar, kusa da taga, har ta ɗora jakarta. Ban san lokacin da na daka mata tsawa ba. "Wa ya ce ki zauna nan? Tashi." Muryar ba tawa ba ce. Yarinyar ta zabura, jakar ta faɗi, fensiranta suka watse. Ta koma baya ta zauna inda ruwa ke ɗiga. 

Na ce ta dawo gaba ta zauna kusa da Success. Ta dawo. Ba ta ƙara ɗaga kai ba.

Ɗiyar shekara shida.

Talata, 11 ga Yuni

Stop "sitof", school "sukul", spoon "sifun". Mun koma a hankali, ɗaya a kwana biyu, yanzu ba inda nake sauri. Mun yi wasan kwali, na miƙa wa Mairama i don ta kutsa tsakanin s da t. Ta girgiza kai. Wannan da ke shiga ta ƙarƙashin ƙafafu. Na ba wani.

Da uwarta ta kawo nono na so in yi mata magana. Na saya kawai na ce a gaida gida.

Lahadi, 16 ga Yuni

Na samu Yaya a waya bayan gwaji da yawa. Ya ba Peculiar. Murya na yankewa. "Mama, akuyata ta... Mama Rebecca ta ce..." Sai wata kalma da yare, da ban taɓa jin ta a bakinta ba. Na ce kina cin abinci? Kina karatu? Ta ce Abel na kira, ta miƙa wayar.

Gari duk ƙamshin naman Sallah. Maƙwabciyata ta aiko mani. Yana nan a rufe.

Laraba, 19 ga Yuni

Na gaya wa Madam ƙarshen zango zan ajiye aiki. Yayata ta daɗe tana cewa in koma wurinta Kontagora. Me ya rage mani a Zuru? Kabari da benci. Madam ta ce ta ji, amma ba za ta nemi wata ba sai an yi hutu.

Talata, 25 ga Yuni

sn da sm. Na zagaya benci benci kowa na karanta mani ɗaya. Da na iso kan Mairama na durƙusa har kanmu ya daidaita. Na ce, "Ranar nan ni na yi laifi, ba ke ba. Ki yi haƙuri." Ta dube ni, ta dubi Success, kamar tana tambaya ko anti na ba da haƙuri. Na nuna mata snake. Ta ja s ɗin, ta ja, har numfashinta ya kusa ƙarewa, ta ɗora sauran can ƙasa ƙasa. Daidai. Sannan ta ɗan janye kai, tana jiran ko zan yi tsawa.

Wannan janyewar ta bi ni har gida.

Asabar, 6 ga Yuli

Ribah. Mota zuwa gari, daga nan ɗan kabu-kabu zuwa ƙauyen, laka har gwiwa a wasu wurare. Karo na biyu ke nan ina rubutawa ina gogewa, bari in faɗa yadda yake.

A hanya na gama shirya komai. Zan samu Peculiar a rame, kai duk ƙwarƙwata, in ɗauke ta a gaban kowa, duk mai magana ya yi.

Na same ta a bayan rumbu, ba takalmi, goye da jaririn Rebecca, tana ba yara umarni da yare. Ta yi kumatu. Sababbin haƙora sun leƙo. Kitson kanta sabo ne, kuma ya fi nawa kyau. Da ta gan ni ta kwance goyon ta ba wata, ta rugo ta faɗa jikina har muka kusa faɗuwa. Na shaƙi kanta. Hayaƙi da man kaɗanya.

Ta ja ni in ga akuya. Ta ja ni in ga inda take kwana, gefen Kaka. Ledar kwalayen tana rataye a ƙusa, sun yi laushi don taɓawa. Abel ya sauko da su yana jin kunya, ya ce kullum bayan gona suke yi. Ta zauna a cinyata ta karanta. Stop. Spoon. Snail. Slip. Babu i, babu u. Na nemi abin gyarawa na rasa.

Sai yara suka kira ta daga waje, an ga wani abu a rafi. Ta dube ni. Na ce je ki. Ta tafi.

Rebecca ta zauna kusa da ni tana ɓarar gyaɗa. Ta ce makon farko yarinyar ba ta ci abin kirki ba, da yamma sai ta tsaya bakin hanya. "Na rasa yadda zan yi, sai na riƙa tsayawa tare da ita." Ta ce har yanzu in za ta yi addu'a sunana take fara kira. Ban san ko don ta faranta mani ta faɗa ba.

Kaka ta sa aka kai ni ɗakinta. Ta ƙare sosai. Ta riƙe hannuna da nata biyun. "Ɗiyata, na san abin da muka yi maki. In na farka na ga fuskar nan kusa da ni, Dominic nake gani yana ƙarami. Ki yafe wa tsohuwa." Me zan ce? Na ce babu komai, Mama.

Da zan tafi Peculiar ta yi kuka, amma ba irin na ranar ba. Ta ce in kawo mata biskit in zan dawo. Yaya ya rako ni bakin hanya. Na tambaye shi ko za ta zo mani hutu. Ya ce, "Mu ga jikin tsohuwa."

Lahadi, 7 ga Yuli

Ban je sujada ba. Na so in same ta cikin wahala. Wace irin uwa ce ke son haka? Yesu, ka gani.

Tana lafiya. Shi ke nan. Tana lafiya ba tare da ni ba.

Alhamis, 11 ga Yuli

Jarrabawar karatu da baki. Ɗaya bayan ɗaya a teburina. Mafi yawa sun wuce masu l da masu s. Masu r ne suka ba su kashi, waɗanda na yi gudu da su. Isma'ila har yanzu "kiri". Duk wadda za ta karɓe su sai ta sake masu daga br. Na rubuta mata haka.

Juma'a, 19 ga Yuli

An yi hutu. Ana tashi sama ta buɗe. Iyaye suka yi ta kwasar yara, aka bar Mairama ita kaɗai a baranda, uwar ba ta dawo daga tallan nono ba, rafin hanyarsu kuma ba ya ƙetaruwa in ya cika. Maigadi zai kulle. Na bar saƙo wurinsa na tafi da ita gida. Kafin mu isa mun jiƙe sharkaf, haƙoranta na haɗuwa.

Akwai wata rigar sanyi ta Peculiar, ja, da ta matse ta, shi ya sa ban sa cikin kayanta ba. Tana ƙarƙashin matashina tun ranar. Ban yi tunani ba, yarinya na rawar sanyi. Na sa mata. Na dama kunu, ta sha kofi biyu. Ta yi ta kallon ɗakin, ta tambayi hoton mai kakin soja, na ce mijina ne. Ta ce, "Shina ina?" Na ce ya rasu. Ta ce tasu saniyar ma ta mutu bara. Na ce Allah sarki.

Can na ga ta ja gaban rigar tana leƙen rubutun da ke ƙirji, a juye. Ni ban ma taɓa kula da shi ba. Ta sa yatsa. Ta ja s, ta tsaya, ta turo baki, ta sake. Sw ba mu yi ba, lokaci bai kai ba. A karo na uku ta ce sweet, ta ɗago tana kallona kai tsaye.

Uwar ta iso da la'asar, ƙwarya a ka, tana ta godiya. Ta kama rigar za ta cire mata. Na ce ta bari, ta yi wa mai ita kaɗan.

A bakin ƙofa Mairama ta ce, "Anti, in an koma ke za ki yi muna aji biyu?" Na ce ruwa zai dawo, ku yi sauri.

Yayata ta kira, ta ce yaushe za ta sa ran ganina. Na ce akwai 'yan abubuwan da ban kammala ba. Jakar tafiyata tana nan a buɗe tun Litinin, zani ɗaya ne a ciki. Ban ce na fasa ba. Kawai dai masu r ɗin nan, ban ga wadda za ta yi haƙurin sake su daga farko ba.